Karen Damagaram: daga kwanon tuwo zuwa asusun allura

Wanda ya ratsa Birni ko Zango ko Garin Malam bayan sallar isha zai ga karnuka a bakin juji da bayan rumfunan mahauta, ya ɗauka marasa galihu ne. Da yawansu suna da ubangida. Wani mai gadi ne ya ɗauko shi tun yana ɗan kwikwiyo, wani na mai garka ne, wani na mafarauci, wani kuma yaran gida ne suka tsinto shi, manya suka kau da kai. Abin da ba su da shi kwanon abinci ne na kullum da katin allurar ciwon haukan kare. A nan maganar take, domin karen da ya san hannun mutum ana iya kiransa ya zo, a riƙe shi, a yi masa allura. Wanda yunwa ta kora juji, jifa ya raba shi da mutane, ba ya kamuwa sai da tarko.

Kafin a shiga batun abinci, akwai tambayar da kowa kan fara da ita: ya halatta? A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mutanen ƙasar nan, kare mai rai ba najasa ba ne, yawunsa ma haka. Wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai bin umarni ne, ba don ƙazanta ba. Hadisi ya keɓe karen farauta da na kiwo da na gona daga raguwar ladan da ke kan mai ajiye kare haka kawai. Masu sharhin Risala suna kawo labarin cewa Ibn Abi Zaid mai Risalar, da katangar gidansa ta faɗi, ya ajiye kare don tsaro, aka tuna masa ra'ayin Imam Malik, ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Wanda ya ajiye don buƙata kuwa, ci da sha da lafiyar dabbar sun hau wuyansa kamar na jakinsa.

Karen gida na nan ƙasar, siriri mai dogayen ƙafafu, bai cika wuce kilo 15 zuwa 20 ba. Mai kilo 15 da ya gama girma yana ƙoshi a yini da tuwon gero ko na dawa kamar giram 350, wato malmala guda madaidaiciya, da dafaffen nama ko kayan ciki giram 200, da cokali ɗaya na man gyaɗa, da ɗan dafaffen kabewa. A raba biyu, safe da maraice. Karya mai shayarwa tana cin ninki biyu zuwa uku na wannan. Ruwa lita guda ne a ranar sanyi, a Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a lissafa lita biyu, a ajiye kaskon a inuwa. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, shi ya sa wanda aka ɗaure a rana tsaka da gajeriyar igiya zai iya mutuwa kafin la'asar.

Kuskure iri biyu ake yi, kowanne da alamarsa. Mai ba da tuwo tsura zai ga karensa ya rame, gashi ya bushe, ciwo ba ya warkewa da wuri. Mai ba da nama tsura, musamman ga ɗan kwikwiyo, zai ga ƙafafu sun gwame, domin tsoka ba ta da sinadarin da ke gina ƙashi. Maganin wannan yana cikin abin da ake zubarwa a teburin mai shayi: ɓawon ƙwai. A wanke shi, a tafasa minti biyar, a shanya, a daka ya zama gari. Rabin ƙaramin cokali a rana ya ishi kare mai kilo 15. Hanta kuma a riƙa tsakura ta, kada ta wuce kashi ɗaya cikin ashirin na abincin, don yawanta na kawo zawo, in aka daɗe a kai ya taɓa gaɓoɓi.

Ragowar miyar gida, wadda ita ce abincin yawancin karnuka, tana da illar da ba a gani nan take. Albasa da tafarnuwa suna farfasa ƙwayoyin jinin kare, kuma dahuwa ba ta kashe wannan dafin. Albasa giram 75, ƙarama guda ke nan, ta isa ta taɓa jinin kare mai kilo 15. Ba ranar za a gani ba, sai bayan kwana biyu zuwa biyar, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja, kare ya kasa bin ubangidansa. Dabarar ita ce a ɗebe masa rabonsa daga tukunya kafin a zuba kayan miya. Goro ma guba ne gare shi, haka ganyen shayin da aka zubar da garin kofi da cakulan, duk suna sa bugun zuciya da karkarwa da farfaɗiya. Zabibi yana kashe ƙoda. Dafaffen ƙashin kaza ko na zabo yana tsagewa kamar tsinke ya huda hanji. Maganin ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen da diclofenac, yana cinye cikin kare ya lalata ƙodarsa, don haka tausayin da ya sa aka ɓalle masa ƙwaya daga akwatin maganin gida shi ke ƙarasa shi.

Akwai wani abu da ya kamata sarkin fawa da duk mai yanka ragon layya su riƙe. Wani lokaci a kan buɗe hanta ko huhun tunkiya, saniya ko raƙumi a tarar da ƙulluttuka cike da ruwa. Abin da aka saba shi ne a yanke wurin a jefa wa kare. To a cikin ruwan nan akwai ƴaƴan wata tsutsa wadda ba ta girma sai a hanjin kare. Tsawonta bai kai santimita guda ba, karen ba ya ma nuna alamar ciwo, amma kashinsa yana fitar da ƙwanta, ƙwan ya manne a gashinsa, a ciyawa, a ganyen salati na garka. Dabba ta ci ta sake yin ƙulluttukan. Mutum ya haɗiya, ƙullutun ya yi shekaru yana girma a hantarsa ko huhunsa, wani lokaci sai da tiyata. Ƴar uwar wannan tsutsa tana bin ƙwaƙwalwar tumaki, ita ke sa tunkiya ta riƙa zagaye wuri guda, kuma ta hanyar ba wa kare ɗanyen kai take yaɗuwa. Kayan ciki masu ƙullutu a ƙona su ko a binne da zurfi. Masu kyau a yanka ƙanana a tafasa rabin awa. Karen kuma a ba shi maganin tsutsa praziquantel, miligiram 5 ga kowane kilo na nauyinsa, aƙalla sau huɗu a shekara, a kuma binne kashinsa na kwana biyu zuwa uku bayan maganin, don ƙwan da ke ciki yana nan da rai.

Ɗan abin lasawa da ake horar da kare da shi ba sai an sayo daga waje ba. Mafi sauƙi shi ne busasshen huhu. A tafasa huhun saniya ko na rago rabin awa ba gishiri ba magi, a bar shi ya huce, a yanka falle-falle kaurin rabin santimita, a baza a faifai, a rufe da gidan sauro don ƙuda, a shanya. A hunturu kwana biyu zuwa uku ya isa. Gwajinsa shi ne a lanƙwasa: in ya karye da ƙara ya bushe, in ya lanƙwasu akwai sauran danshi, kuma danshin nan shi ke kawo fumfuna cikin mako. Da damina kada a dogara da rana, a ƙarasa shi a kan waya bisa garwashin da ya mutu rabi. Kilishi ba madadinsa ba ne, labunsa cike yake da albasa da yaji da gishiri.

Na biyu biskit ne na gero. Garin gero gwangwanin tumatir babba biyu, dafaffen kabewa da aka dama gwangwani ɗaya, tunkuza cokali uku, ƙwai ɗaya. A kwaɓa da tauri, a murza kaurin ɗan yatsa, a yanka girman ƙwayar gyaɗa biyu, a gasa a kasko da wuta kaɗan har cikinsa ya bushe, sannan a ƙara masa yini guda a rana. Wuta mai ƙarfi tana ƙona baya ta bar ciki ɗanye. A kula da tunkuzar ƙwarai: gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kare kuma yana cikin dabbobin da suka fi saurin faɗuwa da ita. Tsohon ƙuliƙulin da mai sayarwa ya rage wa kuɗi don ya fara ɗaci, a bar shi. Duka abin lasawan kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abincin yini.

Wani zai ce wannan gata ya yi yawa ga kare. Amfaninsa ba gata ba ne. Karen da aka saba kiran sunansa a ba shi guntun huhu, aka saba taɓa wuyansa da kunnensa da sa masa igiya, shi ne wanda yaro ɗan shekara goma sha biyu zai jawo zuwa wurin allura ba kokawa. Minti biyar a rana na mako biyu ya isa a koya masa. Ba a kiwon kare ranar farauta, ranar allura ma haka.

Allurar da ake magana ita ce ta ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta cizon kare, kuma huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana shiga da yawu, ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci wata biyu zuwa uku take ɗauka, amma tana iya bayyana cikin mako guda, tana iya kai shekara. Cizon fuska, wuya ko yatsu ya fi sauri, yara kuwa a nan ake cizonsu. Da zarar alamu sun fito, wato tsoron ruwa, firgita da iska, ruɗewa, to magani ya ƙare. Duk aikin yana cikin tazarar da ke tsakanin cizo da alamu.

Matakin farko a gida yake: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 cur, ana zubawa daga buta ko bido, ba shafawa ba. Sannan a sa Bétadine ko alkol. Kada a cusa toka, barkono ko ganye, kada a ɗaure tam, kada a matsa wa ma'aikacin lafiya ya ɗinke nan take. A tafi asibiti ranar, ba gobe ba. Allurar mutum ba guda ba ce. Tsarin da ake yi a cikin fata yana da ziyara uku, ranar farko, sai kwana uku da kwana bakwai bayanta, wanda ake yi a tsoka kuma yana kai mako biyu zuwa huɗu. In cizon ya fitar da jini, ko yawu ya taɓa ido, baki ko buɗaɗɗen ciwo, ana ƙara wani ruwan kariya da ake tsirawa a kewayen raunin. Inda aka fi yin asara shi ne a allura ta biyu da ta uku: ciwo ya kame, kuɗin mota daga Mirriya ko Tanut ya yi nauyi, sai a ce ai ya warke.

Karen da ya yi cizon kada a kashe shi in ana iya tsare shi. A kulle shi, a ba shi ci da sha, a sanar da ma'aikatan kiwo. In ya kai kwana goma lafiya lau, yawunsa ba ya ɗauke da cutar ranar da ya yi cizon. Amma mutum ya fara allurarsa, ba a jiran kwana goman. In ya zama dole a kashe shi, kada a fasa kan, don ƙwaƙwalwar ce ake aikawa ɗakin gwaji, irin na LABOCEL da ke Yamai. A kuma sani ba kowane mahaukacin kare ke gudu yana cizo ba. Wani shiru yake yi, muƙamuƙi ya saki, yawu na zuba, kamar ƙashi ya maƙale masa. Mai tausayi sai ya zura hannu ya ciro ƙashin da babu shi. Jaki, saniya da raƙumin da kare ya ciza su ma suna kamuwa.

Duk lokacin da cizo ya yawaita, abin da ake fara kira shi ne a zuba guba a kashe karnukan gari. Wannan yana kwantar da hankali na wata ɗaya ko biyu, ba ya kashe cutar. Karnukan da ke saurin cin naman guba su ne masu sabo da mutane, waɗanda ake iya yi wa allura, wataƙila ma an riga an yi masu. Jujin yana nan da abincinsa, karya tana haihuwa bayan kwana 63 da ɗaukar ciki, masu gida kuma suna ɗauko sabbin ƴan kwikwiyo daga ƙauye, ba allura ko guda. Ungulu da kyanwa su ci ragowar. Abin da ke yanke cutar shi ne a yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, a maimaita kowace shekara. An gwada a Njamena a 2012 da 2013, aka haura wannan adadi, yaɗuwar cutar a karnukan birnin ta tsaya na wani lokaci, har ta sake shigowa daga waje. Njamena ba Faransa ba ce, gari ne mai zafi da ƙura da karnuka sake irin namu. Dalilin maimaitawa kuwa shi ne karnukan da ke yawo ba sa daɗewa, cikin shekara guda an sami sabbi da yawa da ba su san allura ba.

Daga nan ne ya kamata masu tara kuɗin taimakon karnuka su fara lissafi. Hoton kare da mota ta karya wa ƙafa yana jawo kuɗi a WhatsApp da Facebook cikin awa kaɗan, mutanen garin da ke Yamai ko ƙasashen waje su turo ta Nita ko Al Izza. Ba laifi ba ne. Mutumin da ya shayar da kare da takalminsa an gafarta masa, kamar yadda ya zo a Bukhari. Sai dai kuɗin sadaka ne, ba zakka ba, domin masu cin zakka kashi takwas ne kuma dukansu mutane ne. Sannan a auna: hukumar lafiyar nan ta ƙiyasta a 2018 cewa jinyar mutum ɗaya bayan cizo, haɗe da sufuri da aikin da ya rasa, tana kai dalar Amurka 108, wato wajen jika 60 na sefa. Wannan kuɗin zai yi wa karnuka masu yawa allura. A ganinmu rabi ko fiye na duk abin da aka tara wurin allura ya kamata ya tafi, sai aikin hana haihuwa, sai ɗan ajiya don taimaka wa iyalin da aka ciji yaronsu su kammala allurarsa. Wannan na ƙarshen shi ke sa liman da mai unguwa su shigo ciki, don wanda ke ganin ana tara wa kare kuɗi alhali maƙwabcinsa bai ci ba yana da hujjarsa.

Gina gidan ajiye karnuka kuwa rami ne. Karnuka 20 kawai suna buƙatar nama kilo huɗu, tuwo kilo bakwai da ruwan sha lita 20 zuwa 40 kowace rana, ban da na wanki, a garin da ƙarancin ruwa ya zame masa tsohon ciwo. Da an ji akwai wurin, sai a fara ajiye kwandunan ƴan kwikwiyo a bakin ƙofa. Ɗan kwikwiyo guda mai zawon jini, ciwon da ake kira parvo, zai shafa wa sauran, ƙwayar cutar kuma tana yin watanni a ƙasa. Ya fi a raba marasa lafiya ga gidajen da suka yarda su riƙe su mako biyu zuwa huɗu, asusu ya biya abinci da magani.

Asusun kansa kada ya zauna a hannun mutum ɗaya. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubutawa daban, kuma ba a fitar da ko dala sai da yardar na uku. Abin da aka tara don wani kare na musamman a rubuta shi a shafinsa, a faɗa tun farko inda ragowar za ta tafi in karen ya mutu, don a nan rigima take tashi. Kowane mako a ɗauki hoton rasit da shafin littafi a tura wa masu bayarwa. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa.

Masu zuwa ɗauko kare a titi su fara yi wa kansu allurar riga-kafi, ziyara biyu ce, ranar farko da kwana bakwai bayanta. Kare mai ciwo yana cizon ko ubangidansa, don haka a ɗaure bakinsa da tsumma mai faɗi, a zagaya a ƙulle bayan kunnuwa, sai fa in yana amai ko haki mai tsanani. Wanda ya daɗe da yunwa kada a cika masa kwano, a ba shi kaɗan-kaɗan sau huɗu zuwa shida a yini na kwanakin farko. Ƙazuwa ba a shafa mata baƙin mai, yana ƙona fata, kare ya lashe ya sha guba. Maganin ivermectin na shanu yana aiki a kanta, amma kare mai kilo 10 ƙasa da rabin mililita yake buƙata, wanda ya auna masa da idon mai shanu zai gan shi yana tangaɗi ya makance, don haka likitan dabbobi ne zai auna. Kaskar kare a tsagar bango take ɓuya, in ba a yi wa makwancin feshi ba an yi aikin banza. Robar fiɗiyar raguna ba ta kare ba ce, allurar hana haihuwa ta mata kuma tana tara wa karya mugunya a mahaifa. A kuma tuna allurar hauka ba ta warkar da karen da ya riga ya kamu, saboda haka wanda aka tsinto da tabon cizo ba a miƙa shi gidan da ke da yara don kawai ya yi kwana goma lafiya.

Ranar allurar unguwa a shirya ta da ma'aikatan kiwo, mai unguwa ya sa a yi shela, a zaɓi ranar da ba makaranta, tun da yara ne ke kawo karnuka. 28 ga Satumba, ranar da Louis Pasteur, wanda ya samar da allurar ciwon hauka, ya rasu, ita ce ranar yaƙi da ciwon a duniya, amma sanyin hunturu ya fi wa maganin daɗi. Yana son sanyin digiri 2 zuwa 8. In ya daskare ya lalace, don haka a sa kwali tsakanin kwalabe da ƙanƙara a cikin kula. Ƴan kwikwiyo ma a yi masu, a sake bayan sun cika wata uku. Kowane karen da aka yi wa a ba mai shi kati, a shafa masa fenti marar guba a goshi ko a ɗaura masa jan zare a wuya. Washegari da sassafe mutum biyu su zagaya lungunan unguwar suna ƙirga masu alama da marasa alama. In cikin karnuka 50 da aka gani masu alamar ba su kai 35 ba, a ɗauki kula a bi gida-gida a makon.